Lambar cuta: abin da likita yake rubutawa bayan mun fita

Tun da muka fara gane baƙi, ba ma barin takarda ta wuce mu. Wani lokaci mukan duba takardar babban asibiti mu ga harafi ɗaya da lambobi biyu ko uku, kamar B50. Wannan ba kuɗin magani ba ne, ba kuma lambar gado ba ce. Sunan cuta ne aka taƙaita.

Cuta ɗaya tana da suna da yawa. Abin da wani ya kira masassara, wani zazzaɓi zai ce, likitan da ya yi karatu da Faransanci kuma yana da nasa suna. In kowa ya rubuta nasa, lissafi ba zai haɗu ba. Shi ya sa a 1893 aka karɓi jerin sanadin mutuwa da wani likita Bafaranshe, Jacques Bertillon, ya tsara. A 1948 Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka sani da OMS, ta ɗauki aikin. Ana kiran kundin CIM da Faransanci. An amince da bugu na 10 a 1990, na 11 kuma a 2019, ya fara aiki ran 1 ga Janairu 2022. Misalanmu daga bugu na 10 suke, wanda ma'aikatan lafiya suka daɗe da sabawa da shi.

A cikinsa, kwalara ita ce A00, ƙyanda B05, sikila D57. B50 kuwa ita ce masassarar cizon sauro mai tsanani da ta fi damun mu da damina.

Ba a ba da lamba da ka. Ƙa'ida ta farko ita ce a rubuta babbar cutar da aka yi jinyarta, ba alamarta ba. Zafin jiki alama ce. In an gwada jini aka ga ƙwayar masassara, lambar masassara za a sa. In an bincika ba a gano sanadi ba, sai a sa R50.9, wato zafin jiki da ba a san dalilinsa ba. A ganinmu wannan ƙa'ida tana da kyau, domin ta ba ma'aikaci damar rubuta iyakar abin da ya gano, ba sai ya yi cinke ba.

Ƙa'ida ta biyu ta shafi manoma. In mutum ya ji rauni ko guba ta shige shi, lamba biyu ake so: ɗaya ta faɗi abin da ya sami jiki, ɗaya ta faɗi yadda abin ya faru. Manomin da maciji ya sara a gona, dafin yana da lamba T63.0, saran kuma X20. Wanda maganin feshin wake ya buge shi bisa kuskure, T60 da X48. Saboda haka, in mun kai irin wannan majinyaci, mu tafi da kwalbar maganin, mu kuma faɗi aikin da yake yi sa'ad da ciwon ya tashi.

Ta uku ita ce mai nauyi, domin ta shafi mutuwa. Ba a ƙirga abin da ya zo ƙarshe, ana neman cutar da ta buɗe ƙofa. A ce yaro ya kamu da ƙyanda, bayan kwanaki ciwon huhu ya biyo, Allah ya yi masa rasuwa. Iyaye sun ga numfashi ya gagara, za su ce ƙirji ne. A lissafi kuwa ƙyanda ce ta kashe shi. Bambancin ba ƙarami ba ne: in an rubuta ƙirji kawai, hukuma ba za ta san garin yana bukatar rigakafin ƙyanda ba, yaran maƙwabta kuma suna nan cikin hatsari.

A ƙaramin gidan likita na ƙauye, manjo yakan rubuta sunan cutar ne cikin babban littafinsa. Daga nan rahoto ya tafi gunduma, ya wuce Maraɗi, Damagaram ko Tawa, ya isa ma'aikatar lafiya a Yamai. Da irin wannan ƙidaya ake gane annoba. Manya cikinmu ba su manta sanƙarau na 1995 a ƙasarmu ba. A 1996 da 1997 ya kama mutum fiye da 250,000 a Afirka, ya kashe wajen 25,000. Sabuwar allurar rigakafinsa ta iso Nijar a 2010.

Likita ba ya rubuta abin da bai ji ba, bai gani ba. Mun san al'adarmu: uwa takan ji nauyin cewa an fara ba yaro jiƙo ko ƙwayar ɗan tebur, uba kuma yakan ce "jiya ne ya fara", alhali ciwon ya kwana bakwai. Mu faɗi ranar da abin ya soma, da abin da ya fara bayyana, ko ƙuraje ne, ko zawo, ko tari. Mu riƙe takardun asibiti na baya cikin leda, mu tafi da su duk ranar da za mu koma.