Dabarun Amsa Tambayoyin Zaɓi a Jarrabawar Labarin Ƙasa na Al'umma

1.0 Gabatarwa

Sanin kowane malami ne cewa akan sami ɗalibin da zai yi bayanin cin rani ko bunƙasar birane a cikin aji har a yi sha'awa, amma in sakamako ya fito sai a tarar ya faɗi a takardar tambayoyin zaɓi. Asarar kuwa babba ce, domin takan rufe wa yaro ƙofar jami'a ko kwalejin ilmi har shekara guda. Manufar wannan takarda ita ce a nuna cewa irin waɗannan tambayoyi suna da tsarin da aka gina su a kai, wanda kuma ya fahimci tsarin ya rabu da canki-canka. An taƙaita bayani a kan fannin labarin ƙasa da ya shafi al'umma, watau yawan jama'a da ƙaura da mazauni da sana'o'i.

2.0 Ƙirar Tambaya

Wannan salon jarrabawa ya fara yaɗuwa ne a Amurka, musamman bayan da rundunar sojan ƙasar ta yi amfani da shi wajen tantance kurata a 1917. A Nijeriya hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, da JAMB ta 1978, da NECO ta 1999, duk suna aiki da shi.

Kowace tambaya tana da sassa uku: gangar tambaya, da amsa ta gaskiya, da amsoshin ruɗu. Abin lura shi ne, mai tsara tambaya ba da ka yake kawo amsoshin ruɗu ba. Yakan ƙera su ne daga kurakuran da ya san ɗalibai sun saba yi. Alal misali, a ce wata ƙasa ana haihuwar 40 cikin dubu a shekara, ana mutuwar 15 cikin dubu, aka nemi ƙaruwar jama'arta:

(a) 55 cikin dubu
(b) 25 cikin ɗari
(c) 2.7 cikin ɗari
(d) 2.5 cikin ɗari

Wanda ya tara maimakon ya ɗebe zai faɗa kan (a). Wanda ya ɗebe daidai amma ya manta cewa lissafin cikin dubu ne, (b) tana jiransa. Wanda ya raba 40 da 15 zai sami (c). Amsa ita ce (d). Ke nan kowane kuskure an riga an haƙa masa rami.

3.0 Dabarun Amsawa

3.1 Karanta gangar tambaya tukuna. Ya kamata ɗalibi ya rufe zaɓin da aka ba shi, ya karanta tambaya, ya kawo amsa daga kansa, sa'an nan ya duba ko tana ciki. Ya kuma lura da kalmomin korewa da togaciya, watau na Ingilishi masu ma'anar "banda" ko "mafi ƙaranci". In an jera fari da rikici da ƙarancin gona da samuwar aikin masana'anta a birni, aka ce wanne ne ba ya cikin abubuwan da ke korar mutum daga ƙauye, mai gaggawa da ya ga "fari" sai ya zaɓa, alhali kuwa na ƙarshen ake nema, don shi jawo mutum yake yi.

3.2 Rarrabe kalmomi masu kama da juna. Nan ne ɗalibanmu suka fi tuntuɓe, domin da Hausa suke tunani, da Ingilishi ake tambayarsu. Yawan jama'a dabam, cunkoson jama'a dabam. A ƙidayar 2006 Jihar Kano ta zo da mutum wajen miliyan 9.4, Jihar Legas kuwa wajen miliyan 9.1. Amma faɗin Kano ya kai murabba'in kilomita dubu ashirin, na Legas bai kai dubu huɗu ba. Saboda haka in yawa aka tambaya, Kano ce. In cunkoso ne, Legas ce. Haka nan kalmar Ingilishi ta barin ƙasa da ta shigowa ƙasa, bambancinsu a rubuce ɗan kaɗan ne.

3.3 Tuhumar kalmomin yanke hukunci. A sha'anin ɗan'adam da wuya a sami ƙa'idar da ba ta da togo, don haka amsar da ta ƙunshi "duk" ko "koyaushe" abar tuhuma ce. Ra'in Alfred Weber na 1909 ya nuna cewa masana'antar da kayan aikinta ke rage nauyi wajen sarrafawa takan zauna kusa da inda ake samun kayan. Masana'antun siminti na Ashaka da Obajana sun dace da wannan, don suna kusa da dutsen da ake yin siminti da shi. To amma matatar man Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, nesa take da rijiyoyin mai, ta bututu aka tsara kawo mata ɗanyen mai daga kudu. Misali guda irin wannan ya isa ya rushe amsar da ta ce duk masana'antu haka suke.

3.4 Tankaɗe da rairaya. In amsa ta ɓace, sai a fara da fid da waɗanda aka tabbata ba su ba ne. Mai canka cikin huɗu rabonsa ɗaya bisa huɗu ne. In ya fid da biyu, ya koma rabi. Matuƙar umarnin jarrabawa bai ce ana rage maki saboda kuskure ba, kada a bar tambaya ba amsa. Har ila yau, binciken masana auna ilmi ya sha nuna cewa masu sake amsa bisa dalili sun fi yawan gyarawa a kan ɓatawa. Sai dai a sake don an gano hujja, ba don fargaba ba.

3.5 Tattalin lokaci. Takardar zaɓi ta labarin ƙasa a WAEC tambaya 50 ce cikin awa ɗaya, watau daƙiƙa 72 ga kowace. A JAMB kuwa, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015, tambaya 180 ce cikin awa biyu, watau daƙiƙa 40. Sai a bi masu sauƙi da farko, a komo wa masu taswira da lissafi daga baya.

4.0 Kammalawa

Dabara ba ta maye gurbin karatu, wanda bai san darasi ba babu abin da zai rairaye. Shawarar da nake ba 'yan'uwana malamai ita ce, mu daina tsayawa ga karanta wa ɗalibai jerin amsoshin tsofaffin jarrabawa su haddace. A kowace tambaya, a sa su faɗi dalilin da ya sa sauran ukun suka zama kuskure. Ni kaina nakan sa ɗalibaina masu koyon aikin malanta su tsara tambaya biyar a ƙarshen kowane darasi, tare da amsoshin ruɗunsu, su yi musaya da juna. Abin da na lura shi ne, wanda ya taɓa ɗana wa ɗan'uwansa tarko da wuya irinsa ya kama shi a ɗakin jarrabawa.