Yoyon kashi bayan haihuwa da ramewar uwa

A wuraren awon yara akan ga mai jego tana ramewa wata bayan wata, alhali akwai hatsi a rumbu kuma ba ta da zazzaɓi. Cikin dalilan da ba kasafai ake tambaya ba akwai yoyon kashi, wato fitar bayan gida ko iska ba tare da mace ta iya riƙewa ba. Macen da ke fama da shi takan rage ci da sha da gangan, domin ta lura cewa in ciki ba komai, yoyon yakan yi sauƙi.

Hanyoyi biyu ne suka fi kawo wannan lalura. Ta farko doguwar naƙuda ce. Idan kan jariri ya daɗe a maƙale cikin ƙugu, yakan danne naman da ke tsakanin farji da hanjin dubura har jini ya daina isa gare shi. Naman ya mutu, bayan ƴan kwanaki ya zube ya bar kafa, kashi ya riƙa biyowa ta gaba. Sau da yawa yoyon fitsari yakan haɗu da shi, kuma galibi jaririn ba ya zuwa da rai. Ta biyu ita ce tsagewa mai zurfi lokacin fitowar jariri, wadda ta kai ga naman da ke tsuke dubura, ba a ɗinke ta ba ko ɗinkin ya warware. Ba aikin iskoki ba ne, ba ya yaɗuwa, kuma ba hukunci ba ne a kan wani laifi.

Yoyon fitsari ya samu masu yi masa magana a rediyo, amma na kashi har yanzu kunya ta rufe shi, ta yadda mace za ta faɗa wa likita na farkon ta ɓoye na biyun. Tana daina zuwa biki da kasuwa, tana shakkar tsarkinta ga salla, a wasu gidajen a ware mata kwano da tabarma, a wasu kuma a mayar da ita gidan iyayenta. Wadda ke ci ita kaɗai, a ƙarshe, ragowa take samu. Ƙarancin jinin da ta fito da shi daga haihuwa yana ƙaruwa, ga shayarwa in jaririn ya rayu. Rage shan ruwa kuma yana busar da kashi, yunƙuri ya ƙara wa ciwon rauni.

Ana gyara lalurar da tiyata. Akwai cibiyar Danja kusa da Maraɗi, wadda aka buɗe a 2012, da cibiyar ƙasa ta masu yoyo a Yamai, da cibiyoyin lafiyar uwa da yaro na jihohi kamar Damagaram da Tawa. Yawanci akan jira kusan wata 3 kafin aiki domin nama ya lafa, kuma a nan ne aikinmu ya fi nauyi, tunda ɗinki ba ya kamawa da kyau a jikin da ya rame ko jininsa ya yi ƙasa. A wannan lokaci a ƙarfafa mata cin wake, gujiya, ƙwai, hanta, kifi, nono da ganye irin su zogale da kuka, kaɗan-kaɗan sau da yawa, tare da ƙwayoyin ƙarin jini da ruwa isasshe. Bayan aiki a bi umarnin likita kan abinci, saboda ana so kashi ya yi laushi. Za a ɗage kwanciyar aure na wasu watanni, haihuwa ta gaba kuma a asibiti za a yi ta, galibi ta hanyar tiyata, wadda gwamnatin Nijar ta ɗauke kuɗinta tun 2005.

Ga masu faɗakarwa a ƙauyuka: tambayar ta fito daga bakin mace, a keɓe, ba a cikin layin awo ba. Ya isa a ce, "Tun da kika haihu, kina iya riƙe bayan gida da iska?" In ta ce a'a, a auna damtsenta, a rubuta mata takardar zuwa likita mafi kusa, sannan da yardarta a zauna da mai gida ko uwar miji kan kuɗin mota da wanda zai raka ta.