Daren Da Ɗan Kennedy Ya Kasa Bambance Sama Da Teku

Mai karatu, a ce kai ne matuƙin jirgin sama, magariba ta kawo kai, hazo ya lulluɓe gaɓar teku, sai malaminka ya ce bari ya raka ka. Me za ka ce masa? John F. Kennedy ƙarami cewa ya yi ya fi son ya tuƙa shi kaɗai.

Ranar 16 ga Yulin 1999 ke nan. Ɗan shugaban Amurkan nan da aka harbe a 1963, mai shekara 38, zai halarci bikin 'yar ƙanin mahaifinsa. Tare da shi a ƙaramin jirginsa ƙirar Piper Saratoga akwai matarsa Carolyn da yayarta Lauren. Jiya-jiya aka kwance masa ɗorin ƙafa. Sun so tashi da sauran rana, cunkoson motoci ya tsare su, sai ƙarfe 8:38 na dare suka bar New Jersey. Ga shi bai kammala koyon tuƙi da na'urori zalla ba. Da kai ne, za ka kwana ko za ka tashi?

Da suka doshi tsibirin Martha's Vineyard ta saman ruwa, fitilun gari suka ɓace. Sama baƙi, ƙasa baƙi.

A nan ne jikin mutum yake cin amanarsa. Can cikin kunne akwai wani ruwa mai shaida wa ƙwaƙwalwa ko a miƙe kake ko a karkace. Idan jirgi ya daɗe yana karkata sannu a hankali, ruwan sai ya lafa, jiki ya rantse maka cewa komai daidai. Ka ji kana gangarawa, ka janyo sitiyari don ka ɗaga hanci, ashe ƙara murɗa jirgin kake yi. Na'urar da ke gabanka tana cewa ka karkace, jikinka yana ƙaryata ta. Wa za ka gaskata?

Wajen ƙarfe 9:41 jirgin ya nitsa cikin tekun Atlantika, yana faɗowa da gudun sama da ƙafa 4,700 a minti guda. Ko kiran neman agaji bai yi ba. Sai 21 ga wata sojojin ruwa suka tsamo gawarwakin su ukun.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta bincika tarkacen, ba ta samu lahani a injin ba. Lafiyar injin ƙalau har lokacin da jirgin ya daki ruwa.