Jami'ar Tuskegee Da Darasin Asusun Ɗalibai Ga Mutanen Katsina

Duk shekara, idan jami'o'i suka fara fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka, gidaje da dama a Kafinsoli da Kankiya da Kusada kan shiga murna mai haɗe da zullumi. Yaro ya ci jarrabawar JAMB, sunansa ya fito a Dutsin-Ma ko Katsina ko Zariya, sai dai kuɗin rajista ya zo a lokacin da hatsi bai shiga rumbu ba, ko kuwa ya shiga amma bai wuce na bakin iyali ba. Wani mahaifin ya sayar da san noma, wani ya jinginar da gona, wani kuma ya ce wa ɗansa ya yi haƙuri sai baɗi. Sau da yawa baɗin nan ba ta zuwa.

Irin wannan hali ya taɓa samun wata al'umma da ta fi mu shiga ƙunci nesa ba kusa ba, wato baƙar fatar Amurka bayan an 'yanta su daga bauta. Yadda suka kafa jami'o'insu, musamman yadda suka riƙe ɗan talaka a cikinsu har ya kammala, abin dubawa ne ga duk mai kishin ilimi a ƙasar Katsina. Za mu ɗauki ɗaya daga cikinsu, Jami'ar Tuskegee da ke jihar Alabama.

Mutanen da aka haramta wa karatu

A shekarar 1832 jihar Alabama ta kafa dokar cin tarar duk wanda ya koya wa baƙar fata karatu ko rubutu, bawa ne ko ɗa, tarar da ta kama daga dala 250 zuwa 500. Alhali cikin waɗanda aka kwasa daga Afirka ta Yamma akwai waɗanda suka san allo da tawada tun daga gida. Umar bin Sa'id, mutumin Futa Toro, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831 yana cikin bauta. Akwai kuma Mahommah Gardo Baquaqua, haifaffen Djougou a ƙasar Benin ta yau, wanda tarihinsa da aka buga a 1854 ya nuna cewa mahaifiyarsa mutuniyar Katsina ce. Bayan ya kuɓuta, wata ƙungiyar mishan ce ta ɗauki nauyin karatunsa a jihar New York, domin ba shi da dangin da za su tsaya masa. Da aka soke bauta a 1865, mutum wajen miliyan 4 suka samu 'yanci, mafi yawansu ba su iya karatu ba, kuma ƙofofin makarantun Turawa a kudancin ƙasar a rufe suke gare su.

Makaranta ba fili, ba gini

Wanda ya assasa Tuskegee wani tsohon bawa ne mai suna Lewis Adams, maƙeri kuma baduku, wanda bai taɓa shiga aji ba ko da yake ya iya karatu. A 1880 wani ɗan siyasa Bature ya nemi ya tara masa ƙuri'un baƙar fata, ya kuma tambaye shi ladan da yake so. Adams bai nemi kome don kansa ba, makaranta ya nema wa mutanensa. Majalisar jihar ta amince da dala 2,000 a shekara don albashin malamai kawai, ba ta ba da fili ko gini ba.

Aka ɗauko wani matashi ɗan shekara 25, Booker T. Washington, wanda shi ma cikin bauta aka haife shi, kuma da aikin share ajujuwa ya riƙe kansa a makarantar Hampton. Ranar 4 ga Yuli, 1881, ya buɗe makarantar da ɗalibai 30 a wani ruɓaɓɓen ɗaki kusa da wani coci. Daga baya ya ci bashi ya sayi tsohuwar gona mai eka 100 a kan dala 500. Ɗalibai ne suka share dajin, su ne kuma suka buga tubalin da aka yi gini da shi. Sau uku murhun gasa tubalin yana lalacewa, har Washington ya jinginar da agogonsa a kan dala 15 don a sake gwadawa. A karo na huɗu aka dace.

A 1896 masanin aikin gona George Washington Carver ya zo makarantar, ya riƙa koya wa manoma sauya shuka da gyaɗa da wake da dankali don farfaɗo da ƙasar da auduga ta gajiyar. Makarantar ta ci gaba da bunƙasa har ta samu sunan jami'a a 1985.

Yadda aka riƙe ɗan talaka

Nan ne darasin yake. Hukumar makarantar ta gane tun da wuri cewa akwai ɗalibai masu himma da ba su iya biyan ko kuɗin abinci, sai aka buɗe musu ajin dare a 1884. Ɗalibi zai yi aikin sa'o'i 10 da rana a gona ko wurin sana'a, ya yi karatun sa'o'i 2 da dare, a riƙa ajiye masa mafi yawan ladansa a baitulmalin makaranta har ya isa ya riƙe shi a ajin rana. Da haka talauci bai zama dalilin korar mai himma ba.

Jama'ar gari ma ba su naɗe hannu ba. Washington ya ba da labarin wata tsohuwa da ta kawo ƙwai 6, iyakar abin da ta mallaka, ta ce a sa a karatun yaran. Daga irin wannan aka fara kafin attajirai su shigo, har Andrew Carnegie ya ba da dala 600,000 a 1903, aka zuba a asusun dindindin, wanda ake juya uwar kuɗin a ci ribarta kaɗai. Lokacin da Washington ya rasu a 1915, ɗalibai sun kai wajen 1,500, asusun kuma ya kusa dala miliyan 2.

Dogaro da attajiran waje bai zo kyauta ba. Masana irin su W.E.B. Du Bois sun soki Washington da cewa ya yi sassauci kan 'yancin siyasar baƙar fata, ya kuma fifita koyon sana'a a kan zurfin ilimi. Ko ma yaya aka ɗauki wannan muhawara, sananne ne cewa mai ciyar da makaranta yana da baki a cikin al'amarinta.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya sa gudummawa ta ja baya, shugaban Tuskegee na uku, Frederick D. Patterson, ya yi kira a 1943 ga kwalejojin baƙar fata da su daina yawon neman taimako ɗaiɗai, su haɗa ƙoƙo ɗaya. A 1944 kwalejoji 27 suka kafa asusun United Negro College Fund, wanda ya tara kimanin dala 765,000 a gangaminsa na farko. Yau sama da shekara 80 ke nan asusun yana biya wa ɗalibai kuɗin karatu, alhali waɗanda suka kafa shi duk sun shuɗe.

Namu tarihin

Ƙasar Katsina ba baƙuwa ba ce a fagen ilimi. Hasumiyar Gobarau tana tsaye tana shaida, haka ma sunayen Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. A nan aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, inda Sir Ahmadu Bello da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kafin a mai da ita Kaduna a 1938, daga baya Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. Duk da haka Katsina ba ta samu jami'a ba sai a 2005, lokacin da Gidauniyar Musulunci ta Katsina ta kafa wadda a yau ake kira Jami'ar Al-Qalam, a kan hanyar Dutsin-Ma. Ita ce mafi kama da Tuskegee a wurinmu, kasancewar al'umma ce ta ga buƙata ta tashi ta gina. Bayanta aka samu jami'ar jiha a 2006, wadda ke ɗauke da sunan Umaru Musa 'Yar'adua, sai ta tarayya a Dutsin-Ma a 2011, ga kuma makarantar koyon aikin lafiya a Kankiya.

Gine-gine kam sun samu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne asusu na al'umma mai ɗorewa. Jami'a mai zaman kanta da kuɗin ɗalibai take tafiya, saboda haka ɗan manomin da ya sa hannu aka gina ta yana iya kasa shigarta. Tallafin gwamnati kuwa yakan bi yanayin kasafi da sauyin masu mulki.

Alhali tsarin asusun dindindin gadonmu ne, sunansa waƙafi ko hubusi. Asalinsa gonar Sayyidina Umar (Allah Ya ƙara masa yarda) ta Khaibara, wadda aka tsare asalinta, ba sayarwa, ba kyauta, ba gado, aka riƙa sadaka da amfaninta. Da waƙafi Ƙairawiyyin ta Fas da Azhar ta Alƙahira suka ciyar da ɗalibai ƙarni bayan ƙarni. Tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Alƙahira, suna aika mata kuɗi daga gida. Ko kuɗin Laraba da noman gonar malam da ƙwaryar almajiri, duk tallafin karatu ne da iyayenmu suka tsara daidai zamaninsu.

Abin da gari zai iya

Mazhabar Malikiyya ta yalwata wannan ƙofa. Ta halatta waƙafi na ƙayyadadden lokaci, ta kuma halatta waƙafin dabbobi da sauran abin da ake iya ɗauka, da sharaɗin abin ya fita daga hannun mai shi ya koma hannun mai kula. Saboda haka wanda ba zai iya rabuwa da gonarsa har abada ba yana iya tsayar da ita shekara 5 don ɗalibai, mai shago ya tsayar da kuɗin hayar ɗaki guda, mai kiwo ya ba da tunkiya. Zakka kuma hukuncinta daban: ɗalibi fakiri yana cikin masu cin ta, a miƙa masa ita ta zama mallakarsa, amma ba a gina aji da ita. Wajibi ne a raba littafin zakka da na waƙafi.

Lissafin ba mai wuya ba ne. Idan gida 400 suka ba da tiya 2 kowanne da kaka, an samu tiya 800, wato buhu 20 a lissafin tiya 40 buhu guda. A adana shi zuwa bazara a sayar, ya isa ya hana wasu ɗalibai ajiye karatu. Abin da ke kashe irin wannan yunƙuri rashin amana ne, don haka a naɗa amintattu daga masallaci da masu unguwa da malaman makaranta da mata, a buɗe asusun banki mai sa hannun mutum fiye da ɗaya, a rubuta ƙa'idar zaɓen ɗalibi tun kafin a ga sunayen masu nema, a tura kuɗin rajista kai-tsaye ga makaranta, a kuma karanta wa jama'a lissafi duk shekara. Kada a manta da 'ya'ya mata da marayu, domin su ake fara cirewa idan aljihu ya yi ƙasa.

Ga ɗalibai

Kafin gari ya shirya, kada ɗalibi ya zauna jira. Akwai Hukumar Tallafin Karatu ta Jihar Katsina, akwai ta tarayya, akwai asusun PTDF ga masu fannonin da suka shafi man fetur. Tun 2024 akwai rancen NELFUND marar ruwa ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati, wanda ake fara biya shekara 2 bayan kammala hidimar ƙasa; bashi ne, a ɗauke shi da niyyar biya, kuma bai shafi jami'o'i masu zaman kansu ba. Ga masu ilimin addini, Jami'ar Musulunci ta Madina tana ɗaukar nauyin waɗanda ta karɓa. Ɗalibi ya tanadi takardar shaidar ƙaramar hukuma da lambar NIN da takardar shiga makaranta tun da wuri, ya kiyaye ranar rufe nema, ya kuma guji duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya samo masa tallafi.

Wanda aka biya wa kuma ya sani cewa akwai haƙƙi a wuyansa. Ranar da ya fara ɗaukar albashi, akwai wani yaro a unguwarsu riƙe da takardar shiga jami'a yana jiran wanda zai tsaya masa. Allah Ya ba mu ikon tsayawa, Ya sanya albarka a karatun 'ya'yanmu, Ya sa abin da muka bayar ya zama sadaka mai gudana.