Mishan a Iyakar Amarawa da Ƙasar Adar

Daga Amarawa, bakin iyakar Illela, ana tsallakawa zuwa Birnin Konni, daga nan hanya ta miƙa gabas zuwa Galmi, gefen tuddan ƙasar Adar. A wannan garin albasa ƙungiyar mishan ta SIM ta buɗe asibiti a 1950, kuma har yau marasa lafiya daga Nijeriya sukan ƙetare iyaka su je can.

An kafa SIM a 1893. A Nijeriya, Turawan mulkin Ingila sun daɗe suna hana 'yan mishan wa'azi a masarautun Musulmi, shi ya sa aikinsu ya fi kankama a tsaunukan Filato da kudancin Zariya, inda mutane ke bin addinin gargajiya a lokacin. Ɗan mishan yakan gina ɗaki a gindin dutse, ya koyi harshen mutane, ya buɗe ɗakin shan magani da ajin karatu. Majami'a takan biyo baya, sau da yawa da rufin ciyawa. Masu bishara 'yan ƙasa, waɗanda ke noma don ciyar da kansu, su ne suka fi ɗaukar wahalar, suna wa'azi da Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Daga ikilisiyoyin nan aka kafa cocin ECWA a 1954.

A ƙasar Sakkwato kuwa, kula da kutare a Amanawa ne ya buɗe wa 'yan mishan ƙofa. Jama'a sun karɓi magani, amma kaɗan ne suka sauya addini.