Abin da Masoyin Mawaƙi Ya Ke Koya a Wurin Bita

Da wuya a sami ɗalibi a wannan makaranta tamu wanda ba shi da mawaƙin da ya ke ƙauna. Amma yawancinmu waƙar da aka gama shiryawa kaɗai mu ka sani, wadda mu ke ji a rediyo ko a waya. Ni kuwa a ganina, wanda bai taɓa zama wurin da mawaƙi ya ke bita da mutanensa ba, rabin waƙar ya ji. Ina so in bayyana dalili, domin akwai amfani a ciki ga mu masu koyon aikin malanta.

Da fari, mene ne ƙungiyar masoyan mawaƙi? Mutane ne waɗanda son waƙar mutum guda ya haɗa su, su ka yi shugabanni da asusu. A Ingila, ƙungiyar masoyan mawaƙan nan huɗu da a ke kira Beatles ta yi aiki daga 1961 zuwa 1972, kuma daga 1963 zuwa 1969 kowace Kirsimeti a kan aika wa 'yan ƙungiyar faifai na musamman. A ƙasar Hausa ba haka aka saba ba. Mawaƙin fada ubangida gare shi, kamar yadda Narambaɗa ya zauna ƙarƙashin Sarkin Gobir na Isa. Sarki ya ci da shi, ya tufasar da shi, ya ba shi doki. Mawaƙin jama'a kuwa, irin su Alhaji Mamman Shata, masoyansa su kan tashi a filin wasa su yi masa kyautar kuɗi ko riga, wani har mota. A zamanin nan samari su na kafa irin waɗannan ƙungiyoyi a Facebook da WhatsApp, amma galibi ba su wuce yabo da aika hotuna.

Mu goma sha biyu ne a tamu ƙungiyar. Wanda mu ke so wani dattijo ne a wani ƙauye kusa da Zonkwa, mai waƙa da Hausa da kuma Jju, harshen Bajju, a wurin biki da taron gari. Mu ka aika masa da saƙo tun da sauran mako biyu, gama ba a faɗa wa babba gida ba sanarwa. Ya amsa mu zo ran Asabar da la'asar, lokacin da su ke bita. Mu ka tara kuɗi, mu ka sayi goro da kaji biyu, mu ka tafi.

Ga yadda aikin ya ke. Akwai jagora, watau mawaƙin kansa, akwai 'yan amshi, akwai makaɗa. Ba a fara waƙa daga farkonta. Jagora ya kan fara ba da gindin waƙa, watau 'yan kalmomin nan da za a riƙa komawa kansu. 'Yan amshi su yi ta maimaitawa har bakinsu ya zama ɗaya. Sa'an nan makaɗa su shigo. Sai amshi da kiɗa sun zauna daram kāna jagora ya soma jera 'ya'yan waƙa a kai. Na ƙirga, gindin wata sabuwar waƙa sau ashirin da uku aka maimaita shi kafin dattijon ya gyaɗa kai.

Abin da ya sa a ke wannan wahala shi ne, Hausa harshe ne mai karin sauti, murya ta na hawa ta na sauka a kan kowace gaɓa. Mai kalangu ya kan matse tsarkiyar gangar a hammatarsa ya ɗaga sautin, ya sake ta ya saukar da shi, har kiɗan ya bi maganar. In ya matse inda ya kamata ya saki, kunnen mai sauraro zai ji wani abu ya karkace ko da bai san mene ne ba.

Ba dukan mawaƙa ke bukatar bita iri ɗaya ba. 'Yan amshin Shata gindin waƙa su ke riƙewa, shi kuwa ya yi ta ƙago magana nan take. A wajen Alhaji Musa Ɗanƙwairo kuwa, jagora ya kan fara magana 'yan amshi su karɓe su ƙarasa ta tare, abin da ba ya yiwuwa sai kowa ya haddace waƙar. Ɗan Maraya Jos shi kaɗai ya ke waƙarsa da kuntigi, ɗan abin kiɗa mai tsarkiya guda. Mu ma a nan mun san wannan aiki, gama matan Zumunta su kan taru da yamma su yi ta bita kafin su tsaya gaban jama'a ran Lahadi.

Da magariba ta yi, uwargidansa ta kawo tuwon acca da naman kajin da mu ka kai. A bakin akushi ne mu ka ji abin da rediyo ba ta faɗa. Shugabanmu ya ce, "Baba, yaya ku ke samun lokacin wannan aiki?" Ya yi dariya, ya nuna mana hannuwan 'yan amshinsa. Dukansu manoma ne, daga gonar citta su ka zo, ba wanda ya ke biyansu ladan bita. Ya gaya mana waƙoƙinsa su na yawo daga waya zuwa waya har Kafanchan da Kaduna, amma ko kwabo bai taɓa shiga hannunsa ta wannan hanya ba. Abin da ya fi damunsa kuwa, ƙaramin cikin 'yan amshin ya ba shekara arba'in baya, ba yaro ko ɗaya da ya ke koyo.

To, 'yan'uwana ɗalibai, ga abu biyu da na ke so mu ɗauka. Na fari ya shafi aji. Malamin da ya shiga gaban yara bai shirya darasi ba, kamar mawaƙi ne da ya fita fili ba bita. Kuma dabarar jagora tamu ce: a ba yara gindin darasi tukuna, gajere, su riƙe shi sosai, kāna a ɗora sauran a kai.

Na biyu ya shafi mawaƙan kansu. Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya a 2015, amma har yanzu mu na jin muryoyinsu, domin gidajen rediyo, musamman na Kaduna wanda aka buɗe a 1962, da masu faifai da kaset sun ɗauke su. Mawaƙan ƙauyukanmu na Bajju da Atyap da Ham, da yawansu ba su sami wannan gata ba. Ran da ɗayansu ya kwanta dama, waƙoƙinsa sun bi shi.

Saboda haka ƙungiyarmu ta yanke shawara uku. Ba za mu ɗauki muryar mawaƙi ba sai da izninsa. Kowane wata za mu kai ɗan abin da mu ka tara a raba wa 'yan amshi. Kuma za mu rubuta kalmomin waƙoƙin cikin littafi, da Jju da Hausa, mu ajiye a ɗakin karatu na makaranta. Mun riga mun rubuta guda shida. Duk wanda ya iya rubuta harshen garinsu, kuma akwai tsohon mawaƙi a can, ya neme mu kafin hutu mu ba shi littafi ya tafi da shi. Allah ya ba mu ikon cikawa.