Sikalof, Kawar Teku Mai Idanu Ɗari Biyu

Daga cikin dangin kawa, wato halittun ruwa masu laushin jiki da ke zaune tsakanin ɓawo biyu, babu wadda ta tara labari da gardama kamar wadda Turawan Ingilishi ke kira scallop, sunan da bakin Bahaushe zai fi sauƙin furtawa da sikalof. Kalmar ta shigo Ingilishi daga tsohon Faransanci, inda take nufin ɓawo. A kasuwannin kifi na Amurka da Kanada an kasa ta gida biyu: akwai sea scallop, wato ta cikin teku, wadda masana ke kira Placopecten magellanicus, mai zama a ruwa mai zurfi da sanyi daga gaɓar Kanada har zuwa Karolina ta Arewa, mai iya kai shekara 20 a duniya, akwai kuma bay scallop, ƙaramar da ke zaune cikin ciyawar bakin gaɓa, wadda da wuya ta wuce shekara 2. Idan mai cin abinci a Amurka ya ambaci sunan, ba ya nufin dabbar gaba ɗaya, abin da yake nufi shi ne farar tsokar nan mai kama da ƙaramar waina, wadda ke rufe ɓawon, domin ita kaɗai ake kawowa tebur. Abin dariya a nan shi ne Ingilishi ya ari sunan ya ba wa duk wani bakin tufafi ko tasa mai lanƙwashe-lanƙwashe, alhali ita babbar ta cikin teku ɓawonta kusan sumul yake, ba ta da zurfin tsagar da ta ba 'yan uwanta suna.

Ɓawon mai tsaga, wanda yake kama da mafici, na sikalof ɗin Turai ne, kuma shi ne ya kwashi rabon tatsuniya. Tun a tsakiyar zamanai, Kiristoci masu tafiya ziyara a ƙafa zuwa Santiyago de Kompostela, a yankin Galisiya na arewa maso yammacin Sifaniya, inda suka yi imani an binne Yakubu, ɗaya daga cikin almajiran Annabi Isa, sukan ɗinka ɓawon a hula ko a mayafi don a san sun je sun dawo. Ana ba da labarin wani mahayi da dokinsa ya faɗa da shi cikin teku, sai waliyyi Yakubu ya cece shi, ya fito jikinsa duk ɓawo ya manne. Mai shakka zai iya cewa dalilin bai kai haka nisa ba, tunda ɓawon yana zube a gaɓar Galisiya, ba shi da nauyi, kuma matafiyi yana iya ɗiban ruwa da shi ko ya karɓi sadakar abinci, kamar dai ƙoƙon almajiri. Har yau Faransawa suna kiran dabbar da sunan wannan waliyyi. Shi kuwa ɗan Najeriya ya san hoton ɓawon ko da bai taɓa ganin teku ba, domin shi ne tambarin ja da rawaya na kamfanin mai na Shell, wanda ya fara amfani da shi a 1904.

Gardamar da ta fi daɗewa a kan sikalof ita ce ko tana gani. Fiye da shekara 2,300 da suka wuce, Aristotal, malamin Girka, ya rubuta cewa idan mutum ya kai yatsa kusa da ita sai ta rufe bakinta kamar tana ganin abin da yake yi, ya kuma ce takan yi wata irin tafiya a ruwa da masunta ke kira tashi. Masu musu suna da hujja mai ƙarfi: dabbar ba ta da kai, ba ta da ƙwaƙwalwa sai 'yan ƙulle-ƙullen jijiya, kuma kawa da yawa marasa ido sukan rufe idan inuwa ta gifta ko ruwa ya motsa. A wajensu, rufe baki saboda yatsa ba shaidar gani ba ce, jiki magayi ne kawai.

To amma gani ya kori ji. Duk wanda ya leƙa bakin sikalof mai rai, lokacin da ta ɗan buɗe tana tace abinci daga ruwa, zai ga jerin ɗigo-ɗigo masu ƙyalli a gefen naman, sama da ƙasa, tsakanin siraran gashin da take taɓa abu da su, kowane ɗigo bai wuce kan allura ba, kuma a jikin ta bakin gaɓa shuɗi ne shar kamar an tsoma shi a baba. Waɗannan su ne idanun, suna iya kaiwa 200. A 1965 masanin nan na Ingila, Michael Land, ya nuna cewa a bayan kowane ido akwai madubi mai kwarmi, wanda ke tattara haske ya mayar da shi gaba zuwa inda ake karɓar hoto, irin tsarin da manyan na'urorin hangen taurari ke bi. A 2017 masu bincike a Cibiyar Weizmann suka gano cewa an gina madubin da ƙananan falle-falle masu kusurwa huɗu na guwanin, sinadarin da ke sa ɓamɓaroki na kifi sheƙi, an jera su gefe da gefe kamar tayil, hawa bisa hawa. Kowane ido kuma yana da shimfiɗa biyu masu karɓar haske, ba ɗaya kamar na mutum ba.

Duk da haka masu musu ba su miƙa wuya ba, suka ce hangen Dala ba shiga birni ba ne: ido yana iya ɗaukar hoto ba tare da an sami wanda zai fassara shi ba. Amsar ta fito daga wani gwaji mai ban dariya da Daniel Speiser da Sönke Johnsen suka wallafa a 2008, inda suka ɗaure sikalof a gaban allon kwamfuta, suka nuna mata ɗigo-ɗigo suna yawo kamar ƙwayoyin abinci a ruwa. Idan ɗigon ya yi girman da ya dace kuma gudunsa bai yi yawa ba, sai ta ƙara buɗe baki. Idan babu komai a allon, ko ɗigon ya cika ƙanƙanta, sai ta ja baya da buɗewar. Babu ƙamshi a allo, babu motsin ruwa daga cikinsa, saboda haka da ido ta auna. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma da wuya a sami dabbar da karin maganar nan ya dace da ita kamar wannan.

Maganar tashi ma ba ƙarya ba ce, sai dai an ƙara mata gishiri. Idan tauraruwar teku, babbar abokiyar gabarta mai hannuwa biyar, ta taɓa gefen namanta, sikalof takan buɗe ɓawo ta rufe da ƙarfi sau da yawa a jere, ruwa ya tsartu ta gefen mahaɗin, ita kuma ta yi gaba kamar tana gatsar ruwan, ta yi 'yan mitoci tana tangaɗi, sannan ta gaji ta sulale ƙasa. Wannan tafin shi ne ya gina tsokar da ake nema, wato makamin gudunta shi ne ya ja mata farauta.

Kifi na ganinka, mai jar koma, in ji masu iya magana, amma komar da ake ja wa sikalof ta ƙarfe ce, jirgi ke jan ta a ƙasan teku tana kwashe abin da ta tarar, kuma idanu 200 ba su hana komar aiki ba. Da cinikinta tashar New Bedford ta jihar Masacusets ta shafe shekaru tana gaban duk tashoshin kamun kifi na Amurka wajen darajar kaya. A gaɓar Konwal ta Ingila kuwa, a 2022 aka ba da rahoton cewa idan aka sa ƙaramar fitila cikin tarkon ƙaguwa, sikalof da kanta take shiga, hanyar da ba ta yamutsa ƙasan teku kamar jan ƙarfe. Hukunci a nan ya faɗa wajen Aristotal: sikalof tana gani, kuma ganin nata ya kai har ana iya yaudarar ta da shi.